Hannaye nawa suka taru a kan Steve Biko

Duk sa'ad da aka tada zancen kisan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, a kan 'yan sandan da suka doke shi ake tsayawa. Amma ɗan sanda ba ya azabtar da mutum har lahira ya koma gida ya kwana lafiya, sai in doka ta ba shi ɗaki, likita ya sa masa hannu, alƙali kuma ya rufe fayil.

Ɗakin ya samu ne ta sashe na 6 na dokar ta'addanci ta 1967 a Afirka ta Kudu. Sashen ya halatta tsare mutum ba iyakar kwanaki, ba lauya, ba ganin dangi, kuma babu kotun da ta isa ta ce a sake shi. Da shi aka riƙe Biko bayan an kama shi a shingen 'yan sanda kusa da Grahamstown ran 18 ga Agusta 1977. An ajiye shi tsirara a caji ofis na Walmer a Port Elizabeth. Ran 6 ga Satumba aka kai shi ɗaki mai lamba 619 a ginin Sanlam, inda ofishin 'yan sandan tsaro yake, domin tambayoyi, can kansa ya bugu har ƙwaƙwalwa ta taɓu. Duk da haka aka bar shi ɗaure da mari jikin ƙarfen ƙofa.

Aikin likitocin ya fi ɗaure kai. Dakta Ivor Lang ya duba mutumin da leɓensa ya fashe, harshensa ya yi nauyi, tafiyarsa ta karkace, sannan ya rubuta takarda cewa bai ga wata cuta ba. Da aka zuƙo ruwan lakarsa aka ga jini a ciki, alamar rauni a ƙwaƙwalwa ke nan ƙarara, amma aka mayar da shi kurkuku. Ran 11 ga wata aka tarar da shi a yashe, kumfa na fita a bakinsa. Dakta Benjamin Tucker ya yarda a ɗauke shi zuwa Pretoria, tafiyar fiye da kilomita 1,100, tsirara a bayan Land Rover, ba ma'aikacin jinya, ba ko takardar asibiti. Washegari ya cika, yana da shekara 30.

Ministan shari'a Jimmy Kruger ya fara da cewa yajin cin abinci ne ya kashe shi. Majistare Marthinus Prins kuwa, bayan lauyan iyalan Biko, Sydney Kentridge, ya gama tsige shaidun 'yan sanda a zaman binciken mutuwar, ya yanke cewa ba wanda ke da laifi. Sai 1985 aka hukunta likitocin, shi ma sai da wasu likitoci suka kai hukumarsu ƙara kotu: aka soke lasin Tucker, aka ja wa Lang kunne.

A 1997 jami'an 'yan sanda biyar da ke da hannu a lamarin Biko, ciki har da Harold Snyman da Gideon Nieuwoudt, suka nemi afuwa a hukumar gaskiya da sulhu da aka kafa bayan mulkin wariya. An hana su, amma ba wanda aka gurfanar. A gaban hukumar ne wani ɗan sanda daban, Jeffrey Benzien, bisa buƙatar ɗan gwagwarmaya Tony Yengeni da ya taɓa shiga hannunsa, ya gwada yadda yake hawa bayan fursuna ya rufe masa kai da jiƙaƙƙen buhu. Abin da ya sa 'yan sanda ke son wannan dabara shi ne ba ta barin tabon da likita zai rubuta. Benzien ya samu afuwa.

Dabarar ba ta tafi da mulkin wariya ba. Har yau hukumar IPID mai binciken 'yan sanda tana karɓar ƙorafin shaƙe mutane da leda ko robar tayar mota, yawanci talakawan unguwannin baƙar fata da ake zargi da sata ko ƙwaya. Sai 2013 ƙasar ta yi dokar da ta mai da azabtarwa laifi mai zaman kansa. Binciken mutuwar Biko kuwa an sake buɗe shi a babbar kotun Gqeberha (sabon sunan Port Elizabeth) ran 12 ga Satumba 2025, bayan shekara 48, lokacin Snyman da Nieuwoudt sun daɗe a kabari.