Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: "Son Jiki Ne"

Makon jiya na tsaya a haihuwar Auta. To tun da na gama wankan jego jikina bai koma daidai ba. Ana tsakiyar bazara, kowa na neman inuwa, ni ina lulluɓe da zane biyu. Taɓarya ta gagare ni, gashi na bin mataji, fata ta bushe kamar da hunturu. Gwaggo, Allah ya jiƙanta, ta leƙo ɗakina ta ce, "Son jiki ne. Mu da muka haifi goma wa ya gan mu a kwance?" Kafin sati faccalolina sun ɗauka, ko ruwa na ce a miƙo mini sai a haɗa ido.

Bakina kuwa ban nuna wa kowa ba. In na sa asuwaki da asuba sai ya fito ja. Dasashi ya kumbura ya janye, haƙoran ƙasa biyu suna girgiɗi, ga warin da ya sa nake kare baki da mayafi in zan gai da Malam. Na tauna kanumfari, na kuskure da ruwan gishiri, mai kemis ya yi ta karɓar kuɗin ƙullin da nake sayarwa.

Auta har ya shiga firamare kafin Yaya ya ɗauke ni daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. Likitar ta dafa gaban wuyana ta ce, "Baba, haɗiyi yawu." Aka ɗebi jini. Mu a ƙauye maƙoƙo muka sani, na rashin sinadarin aidin, wanda ya ragu tun da aka wajabta sa shi a gishiri a 1993. Ta ce nawa daban ne: garkuwar jikina ce ta juya tana yaƙar ƙullutun tayirod da ke wuya, har ya gaza fitar da sinadarin da ke tafiyar da jiki. Sunan ciwon Hashimoto, likitan Japan da ya fara bayyana shi a 1912. Ya fi kama mata, wasu bayan haihuwa yake tasowa. Son jiki! Da Gwaggo na raye da na kai mata takardar, ko da ba ta karatun boko.

Likitar ce kuma ta ce in buɗe baki, ta tura ni wurin likitan haƙori. Ba ta ce ciwon tayirod ne ya haifi na dasashi ba, amma ta ce ana yawan samun su tare. Tayirod in ya yi sanyi baki na bushewa, alhali yawu ne ke wanke ƙwayoyin cuta, rauni kuma ya daɗe bai warke ba. Shi kuma dasashin da ya daɗe a kumbure yana hana garkuwar jiki hutawa. Aka kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, ɗaya ya tsira, ɗaya aka cire. Giɓin na nan.

Yanzu kullum da asuba ƙwayar levothyroxine, mai maye gurbin sinadarin da tayirod ya gaza fitarwa, nake fara sha da ruwa zalla, koko sai bayan rabin awa. Faccalar da ta fi kowa yaɗa "son jiki ne", bara ta turo mini 'yarta da wuya a kumbure, wai in raka ta Kano. Na raka ta, har kuɗin mota na cika.

Mako mai zuwa sai rigimar gonar fadama, da abin da Kawu ya yi mana ranar rabon gado.