Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jan Biron Malam

Makon jiya na tsaya a inda na dawo Kano daga bautar ƙasa da akwati ɗaya da takardar sallama. Wasu sun tambaya me na yi a shekarar da ta biyo baya. Zaman shagon Yaya ne a Kantin Kwari, ina ninke atamfa ina korar ƙuda. Mu wuce wurin.

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne tallan ɗaukar ma'aikata da na gani a jarida farkon 2006. Lokacin an gama haɗe bankuna. Tun Yulin 2004 Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ce jarin banki ya tashi daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, wanda ya kasa ya nemi abokin haɗaka ko ya kulle ƙofa. Bankuna 89 suka koma 25. Waɗanda suka tsira kuɗi ya cika musu hannu, sai buɗe rassa suke yi, suna neman yara masu digiri. Tallan bankin da na gani ya sa sharaɗin kada ka wuce shekara 26. Ni kuwa saura wata biyar in cika 27, albarkacin yajin aikin ASUU da ya ci mana watanni a gida. Abokaina biyu sun je kotu sun rantse sun rage shekaru. Baba ya ce in na yi, kada in ci abinci a gidansa.

Sai na wanke ƙafa na tafi wurin Kawu. Kowa a gidanmu ya san amininsa manajan banki ne. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ko za a taimaka mini da ɗan kati in kai wa Alhaji?" Bai ko rage muryar rediyonsa ba. Ya ɓantari goro ya ce, "Yaro, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Kai wa kake da shi a gindin murhun?"

Na so in ce kai ne, Kawu. Ban ce ba. Har yau ina jin haushin da ban ce ba.

Na tafi Sabon Gari na sayi tsohon littafin GMAT, na jarrabawar lissafi da Turanci, wanda bayansa ya yage, na haɗa da tambayoyin shekarun baya da ake sayar da kwafinsu a Kabuga. Lissafin bai ba ni tsoro ba. Kaso cikin ɗari ne, riba da faɗuwa, kuɗin ruwa mai hawa kan kuɗin ruwa (wannan shafin nakan rufe shi in Baba ya leƙo). Wahalarsa sauri ce, minti ɗaya tambaya ɗaya, ba kalkuleta. Wanda ya yi zaman Kwari ya iya lissafin ka.

Rubutun insha'i da Turanci ne ya kusa kayar da ni, alhali a nan nake ganin ni gwani ne.

A layinmu akwai wani tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, Allah ya jiƙansa. Na kai masa shafi biyu da na cika da manyan kalmomi, ina jiran yabo. Ya gyara tabarau, ya zaro jan biro daga aljihun gaba, ya ja layi tun daga saman shafin farko har ƙasa. Ya ce, "Ɗana, duk wannan gaisuwa ce. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Mai duba takardarka ɗari biyar ne a gabansa, ba shi da lokacin amsa gaisuwa. Layin farko, faɗi abin da ya kawo ka."

Daga ranar kullum bayan isha'i ina zaurensa. Yana da agogon tebur mai ƙararrawa biyu a ka, ya murɗa shi minti talatin: biyar in tsara, ashirin in rubuta, biyar in duba. In ya kaɗa, ko a tsakiyar kalma nake sai ya fizge takardar. Ba wuta, NEPA ta canza suna zuwa PHCN amma halin yana nan, sai fitilar ƙwai, hayaƙinta na shiga ido, hunturu na fasa mini leɓe. Da safe in tsaya wurin mai jarida in ba shi 'yan canji in karanta shafin kasuwanci na Daily Trust a tsaye.

Wani dare ya ba ni tambaya a kan amfanin haɗe bankuna. Na zuba masa duk abin da na haddace a jarida. Ya karanta ya ajiye. "Wannan Soludo ne ya rubuta. Kai me ka gani a Kwari?" Sai na tuna maƙwabcin Yaya, mai shadda, wanda kuɗinsa suka maƙale a ɗaya daga bankunan da aka janye wa lasisi, yana jiran NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a banki, ya koma ajiye ciniki a ƙarƙashin dila. Na sake rubutawa, na fara da shi. Ranar ce kaɗai jan biron bai sauka a shafin farko ba.

Kawu bai taɓa tambayar yadda karatun ke tafiya ba. Ko sau ɗaya. Shi ne kuma a 2009, watan da Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar kowa na tsoron aikinsa, ya zauna a kujerar gaban teburina da ɗansa riƙe da fayil, yana ce mini "ɗan albarka". Ba ma a wancan bankin ba ne. Za mu zo wurin, ba zan tsallake shi ba.

Inna ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da na gaya mata maganar murhun tana tuƙa tuwo, ba ta ce uffan ba, itace kawai ta tura. Sai daren da zan tafi Kaduna, inda aka sa jarrabawar, ta kira ni ɗaki ta kwance bakin zani. Kuɗin adashinta ne, har da sabuwar dubu ɗaya guda biyu, ita ce ta farko da na taɓa riƙewa. Ta ce, "Ungo na mota. In ka ga kawun naka, ka ce masa tuwonka da miya."

Mun fi dubu a filin makarantar da aka tara mu, kowa da fensir biyu da hoton fasfo. Aka gama lissafi, aka gama na fahimtar Turanci, aka raba farar takarda. Wata mata mai kwat ta ɗaga hannu tana kallon agogonta, ta ce minti ashirin. Ashirin! Wata biyu Malam yana horar da ni a kan talatin.

Na juya takardar tambayar. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.