Kafin ka sauka a tsibiran Zanzibar, duba cikar teku

Mai yawo da jirgin ruwa a yammacin Zanzibar ba zai rasa inda zai yada zango ba: ga Changuu, ga Bawe, ga tudun yashin Nakupenda, duk ba nisa da Stone Town, tsohon garin Zanzibar. Sai dai abin da ya fi wahalar da baƙi a nan shi ne hawa da saukar ruwa. Sau biyu a rana teku ke cika ta janye, kuma a wannan gaɓar bambancin yakan kai mita uku zuwa huɗu. Mai lissafin watan Hijira ya riga ya san lokacin: ruwa ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 15 gare shi, ya yi sanyi wajen 7 da 22.

Kimanin awa shida ruwa ke ɗauka yana janyewa, amma ba da gudu ɗaya ba. A ce bambancin ranar mita 3.6 ne. Awar farko santimita 30 kawai zai sauka, ta biyu 60, ta uku da ta huɗu 90 kowacce, sannan ya lafa. Wato rabin ruwan a awa biyun tsakiya yake tafiya. A nan ake yin asara. Mutum ya ɗaure kwale-kwalensa a bakin gaɓa, ya shiga ganin gari, ya dawo ya tarar da shi zaune kan busasshen yashi, ruwa ya yi nisa, ga inji mai nauyi, ga rana.

Maganin mai sauƙi ne. In ruwa na janyewa, jefa ƙaramar anga, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa, a wuri mai zurfi kafin ka iso gaɓa, ka fito da doguwar igiya ka ɗaure a tudu, kwale-kwalen ya zauna kan ruwa. In yana hawa, ja shi sama ya wuce layin busasshiyar ciyawar teku, don nan ne iyakar cikar jiya, kuma duk da haka ka ɗaure shi. A Nakupenda ma ba abin ɗaurewa, tudun kansa yakan nutse in ruwa ya cika.

Babban jirgin kuwa, da zurfin cikar ruwa za ka auna sarƙar angarsa. Ka tsaya a mita 4 ruwa na ƙasa, anjima ya zama mita 7.6, ninki biyar ɗinsa, wato tsawon sarƙar da za ka saki, mita 38 ke nan. Wanda ya saki mita 20 zai iya hango jirginsa na tafiya yana kan tsibiri. A kan yashi ake jefa anga, don murjani yana riƙe ta ya ƙi saki, ita kuma tana farfasa shi. Shigo wajen ƙarfe goma zuwa biyu, rana na sama ko a bayanka, ka duba launin ruwa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutse ne, kauce masa. Ɗaga injin kwale-kwale kafin farfela ta taɓa ƙasa, ka ƙarasa da filafili. Iska ma a lura da ita: daga Disamba zuwa Maris daga arewa maso gabas take, daga wajen Yuni zuwa Satumba daga kudu maso gabas, sai a fake a ɗaya gefen tsibirin.

Silifas ba takalmin wannan tafiya ba ne. Cikin ruwa marar zurfi akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya. Ƙayarta na karyewa cikin tafin ƙafa. Kada a tone ta da allura, a jiƙa ƙafar cikin ruwan zafi daidai jurewa. Yankan murjani kuma, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, don saurin ruruwa gare shi. Ruwan sha aƙalla lita biyu kowane mutum, da rigar ceto, da tocila, saboda da rana ta faɗi wajen shida da rabi duhu ba ya jira.

Changuu dai ta cancanci wahalar. An kammala gina kurkuku a kanta a 1894 amma ba a taɓa tsare fursuna ba, aka mai da wurin na killace masu cuta. Manyan kunkurayen da ke wurin asalinsu kyauta ce daga Seychelles a 1919. Ana biyan kuɗin shiga. Tsibirin Chumbe kuwa wuri ne da aka keɓe don kare murjani, sai ka nemi izini tun kafin ka taso.