Taruwa Daban, Cuɗanya Daban: Shekaruna a Jami'a Mai Zaman Kanta

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar tallar wata jami'a mai zaman kanta ya san hoton nan: ɗalibai zaune kan ciyawa, kowa da launin fatarsa da irin shigarsa, sun haɗa kai kan kwamfuta ɗaya suna dariya. A ƙasa kuma a rubuta yawan ƙasashen da suka fito. Jami'ar da na yi ma tana da irinsa, kuma ba ƙarya ta yi ba, don mun taru daga wurare masu nisa, harsunanmu da addinanmu ba ɗaya ba. Sai dai tara mutane wuri guda aiki ne mai sauƙi idan akwai kuɗi. Sa su cuɗanya shi ne jan aikin, kuma a kansa na ƙarar da rabin zamana a makarantar.

Da tallafin karatu na shiga, domin kuɗin makarantar ya fi ƙarfin gidanmu nesa ba kusa ba. Irin waɗannan jami'o'i ba gwamnati ke riƙe da su ba, abin da ɗalibai ke biya da gudummawar masu hannu da shuni shi ne jarinsu. Ba kuma 'yan kaɗan ba ne, kusan ɗaya cikin uku na masu karatun gaba da sakandare a duniya a makaranta mai zaman kanta suke. Yawancin waɗanda muka shiga tare iyayensu ne suka biya lakadan. Mu 'yan tallafi tsiraru ne, kuma ba a rubuta a goshin kowa ba.

A makon farko kowa na gaisawa da kowa. Kafin wata ya ƙare, kowane tebur a ɗakin cin abinci ya sami masu shi: masu harshe ɗaya a nan, 'yan ƙasa ɗaya a can, waɗanda suka fito daga sakandare ɗaya a kusa da taga. Ban taɓa ganin laifin kowa a wannan ba. Wanda ya wuni yana magana da harshen da ba nasa ba, yana auna kowace kalma kafin ta fita, dole ya nemi inda zai sauke numfashi. Abin damuwa shi ne mutum ya shekara huɗu bai san kowa ba sai 'yan teburinsa.

Ni abin da ya fitar da ni daga teburina shi ne ɗakin kwana. Makarantar ba ta barin 'yan shekarar farko su zaɓi abokin zama, ita ke haɗawa. Aka haɗa ni da wata yarinya da ƙasarmu ba ɗaya ba, addininmu ba ɗaya ba. Na ɗauka a nan za a ji mu, amma cikin kwanaki kaɗan muka daidaita. Ina tashi da asuba don ibada, ita kuma tana karatu har tsakar dare, sai muka yi yarjejeniya kan fitila da ƙarar waya, shi ke nan. Ta tambaye ni abin da take son sani game da addinina, na tambaye ta game da nata, babu wanda ya nemi ya juya wani.

Inda muka sha wuya shi ne kuɗi, kuma mun daɗe ba mu ambaci sunansa ba. Duk Asabar sai ta ce mu fita da ƙawayenta, ni kuma in ce ina da karatu. Littafin darasi tana sayen sabo a ranar da malami ya faɗe shi, ni kuwa ina bin layin kwafi ɗaya da ke laburare, wanda ake ba da aronsa na 'yan sa'o'i. Wata rana da dare, bayan na sake ba ta uzuri, ta ajiye wayarta ta juyo ta ce, "'Yar'uwa, wai wani laifi na yi miki ne? Kullum sai ki ce karatu." Na gaya mata gaskiya, cewa fita ɗaya irin tasu ta kai abin da nake lallaɓawa na makonni. Ta yi shiru har na ɗauka ranta ya ɓaci. Can sai ta ce, "Ban taɓa kawo wannan a raina ba." Daga ranar littattafanta suka koma kan teburin da ke tsakanin gadajenmu, ba ta ce ga aro ba, ban ce na gode ba, kowa ya ɗauka idan yana bukata.

A wurinta na gano wani giɓin da ya fi na aljihu zurfi. Tana ƙwanƙwasa ofishin farfesa kamar ɗakin yayanta, ta nemi ƙarin bayani, ta nemi a ɗaga mata ranar miƙa aiki, ta fito da alƙawarin takardar shaida. Ni kuwa a sanina ɗalibi ba ya zuwa ofishin malami sai in kiransa aka yi, kuma kira ba alheri ba ne. Babu inda aka rubuta cewa ƙofar a buɗe take ga kowa, waɗanda suka sani daga gida suka zo da sanin. Daga baya na karanta binciken Anthony Jack, masanin zamantakewa ɗan Amurka, wanda ya fito a 2019. Ya nuna cewa 'ya'yan talakawa a manyan jami'o'i kashi biyu ne: waɗanda suka ratsa ta sakandaren masu kuɗi da tallafi, suka iso sun san yadda ake magana da malamai, da waɗanda suka zo kai tsaye, talauci da rashin sanin dawa suka haɗu musu. Ina karantawa ina ganin kaina a kashi na biyu.

A shekara ta biyu na shiga kwamitin ɗalibai mai kula da hulɗar al'adu. Babban aikinmu shi ne makon al'adu: tutoci, tufafi, kiɗa, kowace ƙungiya ta hau dandamali ta nuna nata. Ba zan kushe shi ba. Na ga ɗalibin da shi kaɗai ne daga ƙasarsa ya tsaya riƙe da tuta idanunsa sun ciko, don a ranar ce kawai ake tambayarsa daga ina yake da niyyar a saurara. Amma washegari kowa ya koma teburinsa. Da na duba yadda ake shirin sai na ga dalili: kowace ƙungiya da 'yan'uwanta take atisaye, makonni suna tare, sauran mutane 'yan kallo ne kawai. Bikin da aka shirya don haɗa kai ya ƙara ɗaure kowa da nasa. Bambancin aljihu kuwa ba shi da tuta, ba ya hawa dandamali.

Malamin da ke ba kwamitin shawara masanin halayyar ɗan Adam ne. Na same shi na ce, "Malam, mun yi biki an tafa mana, amma babu abin da ya canza. Me ya rage?" Sai ya ba mu labarin Gordon Allport, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Harvard, wanda tun 1954 ya ce haɗuwa tana rage ƙyamar juna sosai idan an cika sharuɗɗa huɗu: a haɗu a matsayi ɗaya, a sa buri ɗaya a gaba, a yi aikin da haɗin gwiwa ba gasa ba, kuma hukuma ta mara baya. Ya ƙara da abin da wani masanin, Elliot Aronson, ya yi a 1971 a birnin Austin na Amurka, lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji ɗaya rikici ya tashi. Aronson ya raba yaran ƙananan rukuni, ya yayyanka darasin, kowane yaro ya riƙe yanki ɗaya wanda sai daga bakinsa sauran za su ji. Malam ya ce mana, "Ku daina sa mutane su nuna kansu. Ku ba su aikin da ba zai yiwu ba sai da juna."

Muka zaɓi darasin ƙididdiga na shekarar farko, wanda dole ne ga kowa kuma kowa na tsoronsa. Muka raba ɗalibai biyar-biyar ta hanyar ƙuri'a, kowa da babinsa da zai koyar, a ɗakunan laburare inda ba a biyan ko sisi. Rukunin da na sa wa ido akwai wani yaro mai yawan shiru, harshen koyarwar makarantar bai zauna a bakinsa ba, a aji ba a taɓa jin muryarsa ba. Babin lissafin yiwuwa ya faɗo masa. Ya miƙe yana laluben kalma, wata ta katse shi tana neman ƙarasa masa zancen, sai wani ya ce, "Bari ya gama mana, shi kaɗai ya karanta wannan babin." Yaron ya juya ga allo ya fara zana rassa, kowane reshe da adadinsa, hannunsa ba ya ko rawa. Abin da malami ya yi mako yana bayani ba su gane ba, ya warware shi kafin lokaci ya cika. Waɗanda suka saba magana su ne suka koma masu ɗaga hannu. Kafin jarrabawa na ga suna ajiye masa kujera a ɗakin cin abinci.

Ba ko'ina aka dace ba. Inda ɗalibai suka yi yawa muka sa fiye da goma a rukuni, nan take suka rabe biyu bisa harshe. Lokacin da shiga ta kasance ganin dama, waɗanda dama suna cuɗanya su ne suka zo, waɗanda muke nema suka zauna a ɗaki. Sai da malamin darasin ya yarda ya ware 'yan maki don halarta sannan kowa ya fito, wato sharaɗin Allport na huɗu ke nan. Binciken da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka wallafa a 2022, wanda ya duba abotar mutane fiye da miliyan 70 a Facebook a Amurka, ya faɗi abin da muka gani da ido. Kusan rabin ratar abota tsakanin masu hali da marasa hali daga rashin haɗuwa wuri ɗaya take, ɗaya rabin kuwa mutane ne da suke wuri ɗaya amma ba sa ƙulla abota, kuma abin ya fi muni a manyan taruka. Jami'a na iya ƙirga rabin farko ta buga a takardar talla. Rabi na biyu babu ofishin da ke ƙirga shi, kuma shi ne ɗalibi ke kwana da shi.

Ba kuma kowa ne ya zama aminin kowa ba, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Akwai lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin ƙasashen wasu ɗalibai biyu 'yan rukuni ɗaya, kowanne da danginsa a can, kowanne da labarin da yake ji daga gida. Suka daina gaisawa. Amma ranar bita kowanne ya zo da babinsa ya koyar, ɗayan yana rubutawa. Wasu a kwamiti sun so mu zaunar da su a yi sulhu, na ƙi, don a ganina ba mu da hurumin tilasta wa mai zullumin 'yan'uwansa ya yi murmushi. Zamansu a ɗaki ɗaya suna amfanar juna ya ishe ni, kuma na fi daraja shi a kan tafin makon al'adu.

Daga nan muka koma kan kuɗi kai tsaye. Muka kafa doka cewa duk taron da kwamiti ya shirya kyauta ne, in kuwa dole sai an biya, a biya ta ofis yadda ba wanda zai san wa aka yafe wa. Muka roƙi malaman shekarar farko su faɗa da bakinsu a ranar farko cewa ofishinsu a buɗe yake, su faɗi lokaci, su faɗi irin abin da ake zuwa nema, kuma da yawansu sun yi. Sai batun gajeren hutu na tsakiyar zango, lokacin da ake rufe ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci bisa zaton kowa zai tafi gida. Wanda gidansu ke wata ƙasa, da wanda ba shi da kuɗin mota, ina za su? Jack ma ya rubuta yadda ɗalibai ke kwana da yunwa a irin wannan hutu a jami'o'in da dukiyarsu ta fi ta wasu ƙasashe. Muka rubuta wa shugaban sashen harkokin ɗalibai, muka bi takardar ofis-ofis, aka amince a bar ginin kwana ɗaya a buɗe. Ɗakin cin abinci kuwa aka ce kwangilar masu dafawa ba ta haɗa da hutu ba, kuma har na kammala ba a sauya ta ba. Kwamitin da ya gaje mu ya karɓi takardar da amsar da aka ba mu, da shawarar su sake shigar da ita kafin a sabunta kwangilar.