Saƙon Godiya Bayan Kammala Gyaran Faya-fayan Ajiyarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin ma'aikatan ɗakinmu na ɗaukar hoto da bidiyo da ke Tudun Wada, Kaduna, ina miƙa godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ga bayin Allah da suka tsaya mana har muka fita daga matsalar da ta tsayar da aikinmu.

Ma'ajiyar da muke tara bidiyon ɗaurin aure da saukar Alƙur'ani ta cika, shi ya sa muka sayo faya-fayan ajiya na hannu, samfurin SAS (nau'in faifan ajiya da ake sa wa manyan kwamfutoci), waɗanda aka ciro daga manyan na'urorin kamfanoni. Da aka jona su ana jin suna juyawa, amma kwamfuta ta ƙi karɓarsu, tana nuna girmansu sifili ne, har wasu suka ce mu haƙura, kuɗinmu sun tafi.

Godiya ta farko ta tabbata ga injiniyan da ya taso daga Kawo, wanda bai daɗe da dubawa ba ya ce faya-fayan lafiyarsu ƙalau. Ya bayyana mana cewa kowane faifai a rarrabe yake zuwa ƙananan gurabe da ake kira sekta, kuma kwamfutocin da muka saba da su sun san sekta mai bayit (ma'aunin girman bayanai) 512 ne ko mai 4096, alhali namu an tsara su a kan 520, domin na'urorin da suka fito daga ciki suna amfani da ƙarin bayit 8 ɗin wajen tantance sahihancin bayanai. Ya zo da nasa katin HBA, wato katin da ke jona irin waɗannan faya-fayai da kwamfuta, ya tayar da kwamfutar da babbar manhajar Linux daga filashi, ya yi amfani da manhajar sg_format wajen mayar da kowanne zuwa 512.

Abin da ya fi burge ni shi ne natsuwarsa. Da yake wannan aiki yana shafe duk abin da ke kan faifai, bai taɓa komai ba sai da ya zare faifan da ke ɗauke da ayyukan jama'a da hannunsa, ya rubuta lambar kowane faifai a takarda ya manna a jikinsa, sannan ya gwada ta da abin da allo ya nuna. A ganina wannan ne riƙon amana, domin bidiyon auren mutum idan ya goge, babu inda za a sake ɗauko shi.

Godiya ta musamman ga maƙwabcinmu Alhaji. Aikin yana cin sa'o'i masu yawa a kan kowane faifai, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya sai an sake daga farko, wani lokaci ma faifan yakan ƙi tashi. Alhaji ya jawo mana waya daga inbatarsa ta sola, ya kashe firjinsa domin batir ya kai safiya, kuma ya ƙi karɓar ko kwabo. Alhaji, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi. Haka nan Baba maigadi, wanda ya kwana yana leƙa fitilar na'urar, Allah Ya ƙara masa lafiya.

Ga abokan hulɗarmu da suka yi haƙurin jira, mun gode ƙwarai. Ayyukanku suna nan yadda kuka bar su, kuma za a fara karɓa daga ranar Litinin in sha Allahu.