Kar ka ja tsiro don ya yi tsawo

Akwai wani malami a ƙasar Sin mai suna Mengzi, ya rayu wajajen shekara ta 372 zuwa 289 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ya ba da labarin wani manomi ɗan ƙasar Song (ɗaya daga cikin ƙananan ƙasashen Sin na wancan zamani) da ya ga shukarsa ba ta tashi yadda ransa ke so, sai ya bi gonar yana kama kowane tsiro yana ɗan jawo shi sama, ya koma gida a gajiye ya ce wa iyalinsa yau na sha aiki, na taimaki shuka ta girma. Ɗansa ya ruga gona ya tarar duk ta yi yaushi. Mengzi ya ce masu irin wannan halin su suka fi yawa a duniya. Bai wanke wanda ya watsar da gona ba noma ba, amma ya ce shi mai ja ɗin ba amfani kaɗai ya rasa ba, ɓarna ya yi.

Ƙannena, wallahi ni na ja tsirona da hannuna. Ina koyon ɗinki a shagon maigidana, na iya taka keke, na iya haɗa aljihu da sa maɓalli, amma yanka bai zauna min ba tukun, kuma duk tela ya san yanka shi ne ɗinki. Na ga sa'o'ina sun buɗe shago, zuciya ta ɗebe ni, na kwashi adashe na kama shago ana gab da azumi na dinga karɓar ɗinkin Sallah ba ƙaƙƙautawa. Maigidana ya ce in ƙara haƙuri, na ɗauka so yake ya ci gaba da mora ta. Har yau ina ganin shaddar wani dattijo shimfiɗe a tebur, na zana da alli ban bar rarar ɗinki a kafaɗa ba, almakashi ya riga ya wuce, riga ta fito ta matse shi a hammata. Bai ɗaga murya ba, ya ninke kayansa ya tafi, kuma ba wanda ya sake kawo min ko tsumma daga gidansu.

Tun kafin Mengzi, Kongzi wanda aka fi sani da Konfushiyas (551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS)) ya faɗa wa almajirinsa Zixia irin haka lokacin da aka ba Zixia riƙon garin Jufu a ƙasar Lu, ita ma a cikin Sin. Ya ce masa kar ya nemi gaggawa, kar kuma ya sa ido kan ƙaramar riba, don mai gaggawa ba ya isa, mai hangen ƙaramar riba kuma babban aiki ba ya kammaluwa a hannunsa. Duka biyun na haɗa, kuɗin ɗinkin Sallah ɗaya ya rufe min ido.

Don haka in kana koyon sana'a, ko gyaran waya ne ko walda ko ɗinki, ka je ka tambayi maigidanka kai tsaye, wane ɓangare ne ban ƙware ba? Abin da ya faɗa ka zauna a kai ko da abokanka suna ta sa hoton sabon shago a Facebook. In kuma lokacin tashi ya yi ka nemi ya sallame ka da bakinsa, ka fara da aiki kaɗan wanda za ka iya gamawa ranar da ka yi alkawari.