Ba kowane zaman kaɗaici ne kaɗaici ba

A ƙaramin kamfanin fassara irin namu, takardun asibiti da na kotu da tambayoyin masu bincike su ne aikin yau da kullum. Kalmomin Turanci masu nufin zaman mutum shi kaɗai suna cikin waɗanda suka fi sa a dawo da aiki, domin sabon hannu yakan zuba musu "kaɗaici" gaba ɗaya.

Abu biyu muke dubawa kafin mu zaɓi kalma: wa ya zaɓi zaman, kuma yana ci wa mai shi rai ko a'a. Alone bayani ne kawai, babu kowa tare da shi. Lonely a zuci take, amarya tana iya zama a gida cike da dangin miji tana fama da ita. Solitude keɓewa ce ta ganin dama, kusa da halwa. Recluse shi ne wanda ya ƙaurace wa jama'a ya daina fita, hermit kuwa asalinsa mai ibada ne da ya koma jeji.

Inda kuskure yake da tsada shi ne takardun lafiya. Isolation da quarantine duk "killacewa" ake ce musu a rediyo, alhali ta farko ta wanda ya kamu ce, ta biyu ta wanda ya yi cuɗanya da shi, ana sa masa ido, kamar kwana 21 na Ebola. Dole a faɗi wanda ake killacewa, in ba haka ba iyali su ɗauka an tabbatar musu da cuta. Haka withdrawn a rahoton likitan ƙwaƙwalwa: na'urar fassara takan ce "an janye shi", nufin likita kuwa ya ja jiki daga mutane, ya rage magana. Seclusion a wannan rahoton rufe majinyaci ne shi kaɗai a ɗaki, ba kullen matan aure ba.

A takardar kotu, solitary confinement tana da ma'auni. Dokokin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, kan kula da fursunoni, sun ce tsare fursuna ne awa 22 ko fiye a rana ba tare da hulɗa ta kirki da mutane ba, kuma sun haramta wuce kwana 15 a jere. "Ɗaurin kaɗaici" kawai bai isa ba, sai an sa awannin.

Idan an gama, mutum na biyu wanda bai ga asalin ba yakan mayar da Hausar zuwa Turanci a gwada. Tambayoyin bincike kuma sai an karanta wa masu jin Hausa zalla, a ji yadda suka fahimta, sannan a miƙa wa mai aiki.